Cinikin biri a sama: abin da wasan Elden Ring ya tuna mana

Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma babu wanda ya kai ɗan kasuwar bakin iyaka sanin gaskiyar wannan magana. Daga Birnin Ƙonni zuwa Ɗan Isa, daga Gaya zuwa Magarya, labarin kaya yakan riga kayan isowa, domin tun mota ba ta bar Kano ba an gama yanke wa abin da ke cikinta farashi a teburin mai shayi. To sai ga shi a wata kasuwa ta daban, wato ta wasannin bidiyo da ƴaƴanmu da ƙannenmu suke bugawa, wannan ɗabi'a ta zama hanyar talla sukutum, wadda kamfanoni suke kwasar miliyoyi da ita. Tunda kuwa a rumfunanmu ake sayar da na'urorin PlayStation da faya-fayan wasa, kuma daga aljihunmu kuɗin suke fita, ya kamata mu san yadda abin yake tafiya.

Bari mu ɗauki misali guda da duniya ta shaida. A ranar 25 ga Fabrairun 2022 kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan ya fitar da wasan Elden Ring, wanda Hidetaka Miyazaki ya jagoranci ƙera shi, marubucin nan na Amurka kuma George R. R. Martin, wanda daga littattafansa aka yi fim ɗin Game of Thrones, ya tsara tushen labarinsa. Cikin shekara guda an sayar da kwafi miliyan 20. Sai a ranar 28 ga Fabrairun 2023 kamfanin ya ba da sanarwar cewa yana shirya wa wasan ƙari mai suna Shadow of the Erdtree. A kasuwarmu in an auna maka kaya aka ƙara maka wani abu, gyara ke nan, kyauta ce. Wannan ƙarin kuwa saye ake yi, sabon babi ne da ake ɗorawa a kan wasan da mutum ya riga ya mallaka.

Abin mamaki a nan shi ne, sanarwar ba ta ƙunshi komai ba sai suna da hoto guda ɗaya tak: wani mai dogon gashi ruwan zinariya a kan abin hawa, cikin fili mai cike da duwatsun kaburbura, ga wata baƙar bishiya can nesa. Babu ranar fitowa, babu farashi, babu bayani. Daga nan kamfanin ya ja bakinsa ya yi shiru kusan shekara guda, masu sha'awar wasan kuma suka shiga hasashe.

Domin mai karatu ya gane abin da ake ta muhawara a kai, labarin wasan ƙagagge ne, tamkar tatsuniya, na wata sarauniya Marika da ƴaƴanta waɗanda suka yi yaƙin gado bayan mulkinta ya wargaje. Amma ba a ba mai wasa labarin a jere. An tsinka shi ne an watsa a cikin gajerun bayanai da ke jikin takubba da riguna da layu, sai wanda ya tattara ya haɗa da kansa. Cikin ƴaƴan akwai Miquella, wanda ba ya girma, kullum yana nan yaro, kuma a ainihin wasan ba a ganin komai nasa sai busasshen hannu da ya leƙo daga cikin wani ƙunshi. Da hoton nan ya fito, mafi yawa suka ce Miquella ne a kan abin hawan, wasu suka ce a'a, uwarsa ce tana ƙuruciya. Wasu kuma suka dage cewa sabon babin zai warware zancen Godwyn, ɗan sarauniyar da aka yi wa kisan gilla cikin dare, wanda mutuwarsa ce mafarin fitinar baki ɗaya.

A ranar 21 ga Fabrairun 2024 aka saki ɗan gajeren bidiyon talla, sai ga wani sabon mutum mai jan gashi da macizai a jikinsa, ana ce da shi Messmer, sunan da bai taɓa fitowa a wasan ba. Nan fa aka dasa sabon lissafi. Masu lura suka ce tunda sunansa ya fara da harafin M kamar Miquella da Malenia da Mohg da Morgott, to ɗan Marika ne. Jan gashin kuma suka jingina shi ga Radagon, mijin sarauniyar. An yi ta tsayar da bidiyon daƙiƙa bayan daƙiƙa ana duba tambari da tufa, wasu kuma suka mayar da wannan aiki abin neman abinci a YouTube.

Da kaya suka sauka ranar 21 ga Yunin 2024, sai gani ya kori ji. Waɗanda suka ce Messmer ɗan Marika ne sun canka daidai, haka ma waɗanda suka ce sawun Miquella za a bi. To amma Godwyn da aka zuba wa ido bai samu wani babban matsayi ba, abokin karawa na ƙarshe kuma sai ya kasance Radahn, jarumin da masu wasa suka riga suka kashe tun a babin farko. Miquella da jama'a da dama suka ɗauka mai ceto ne, sai ga shi yana mallake zukatan mutane da sihiri su bi shi ko ba su so. Ran wasu ya ɓaci ƙwarai, alhali kamfanin bai taɓa yi masu alkawarin labarin da suke jira ba, su ne suka saƙa abinsu suka kuma yarda da shi. Duk da haka, cikin kwana 3 an sayar da kwafi miliyan 5, a kan kusan dalar Amurka 40 kowane, wato kimanin jaka 24 ta kuɗin sefa a canjin lokacin. Mai lissafi ya buga ya gani.

A ra'ayinmu, shi hasashen kansa ba abin ƙi ba ne. Mu da muka tashi da tatsuniya da kacici-kacici a dandali mun san daɗin da ke cikin a ba ka rabin zance ka nemo sauran. Shi ma Miyazaki ya faɗa cewa yana yaro yakan karanta littattafan da suka fi ƙarfinsa, inda bai gane ba sai ya cike da tunaninsa, kuma da gangan yake barin irin wannan giɓi a wasanninsa. Yaron da ya zauna yana haɗa hujja da hujja, yana karanta Turanci ko Faransanci domin ya gane ɗan rubutun da ke jikin takobi, yana wasa ƙwaƙwalwarsa ne, kuma ba mu ga dalilin hana shi ba matuƙar bai bar karatu ko tsaron rumfa ba.

Inda gizo yake saƙar shi ne lokacin da hasashe ya fara taɓa aljihu. Shirun da kamfani yake yi dabarar ciniki ce, domin watanni kusan 16 masu saye da kansu suka yi ta yi masa talla ba tare da ya biya su ko dala ba, kuma tun ranar da aka nuna bidiyon aka buɗe karɓar kuɗi kafin kaya. Mu mun san amfanin kafin alƙalami: ana ba da shi ne don kada buhu ya ƙare ko wani ya riga ka. To wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa, ko mutum miliyan nawa suka saya naka yana nan. Tukuicin da aka ba waɗanda suka biya da wuri ma wani ɗan salon motsi ne da ake iya samu daga baya a cikin wasan. Ke nan me mutum ya saya da gaggawarsa?

Wani zai ce ai waɗanda suka biya tun da wuri ba su yi asara ba, tunda ƙarin ya fito da kyau kuma ya sha yabo. Gaskiya ne, amma ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Disamban 2020 wasan Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya fito bayan shekaru ana ɗokinsa, mutane sun riga sun biya kuɗin kwafi miliyan 8. Da ya iso, a kan PlayStation 4 ya zo da matsaloli masu yawa, har kamfanin Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet ya ce za a mayar wa jama'a kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a Yunin 2021. Wanda ya jira mako guda ya ji daga bakin waɗanda suka gwada, bai shiga wannan wahala ba.

Bugu da ƙari, mu a nan haɗarin ya fi yawa, kuma ga abin da ya kamata mai rumfa ya sani kafin ya karɓi kuɗin kowa. Na farko, ƙarin ba ya aiki sai da ainihin wasan. Na biyu, ba a faifai yake zuwa ba, ko kwalin da aka haɗa su biyu aka saya, faifan na tsohon wasan ne, ƙarin kuma lamba ce a takarda wadda sau ɗaya take aiki, don haka kwalin da ya riga ya shiga hannu ba abin dogaro ba ne. Na uku, Sony ba ta buɗe kantinta da sunan Nijar ko Nijeriya ba, shi ya sa matasa suke buɗe asusu da sunan Faransa ko Ingila ko Amurka, kuma in yankin lambar bai dace da na asusu da na faifai ba, kuɗi sun tafi. Na huɗu, ko an saya ba a shiga sabon babin sai an ci Radahn da Mohg a tsohon wasan, aikin da ba kowane yaro ne ya kai gare shi ba. Ɗan kasuwar da ya ɓoye wa mai saye waɗannan abubuwa ya ci riba yau, gobe kuma ya rasa abokin ciniki.

Ba baƙon darasi ba ne a gare mu. Lokacin da iyakar Nijar da Nijeriya take rufe, daga tsakiyar 2023 zuwa Maris na 2024, sau nawa muka ji an ce gobe za a buɗe? Kowa da majiyarsa, kowa da hujjarsa, kuma masu hankali sun saurara sun yi ta muhawara, amma ba su ɗaure kaya ba sai da suka ga an ɗage shinge. Haka muke so a yi da waɗannan wasanni, domin wannan ba shi ne na ƙarshe ba, duk shekara akwai hoton da za a jefo a yi shiru. A bar yara su yi ta cankensu a kan wane ne ɗan wane, tunda wannan ba ya cin ko sisi. In kuwa aka zo maganar kuɗi, uba ya ce a dakata kaya su sauka, mai rumfa kuma kada ya karɓi kafin alƙalami a kan abin da shi kansa bai gani ba. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka.