Kafin ka sauya wa karen gidanka abinci



A unguwannin Maiduguri kamar GRA, gidaje da dama na ajiye karen gadi, kuma wasu sun fara barin ba shi ragowar tuwo suna sayen busasshen abincin karnuka na buhu. Dabara ce mai kyau, domin miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, waɗanda ke lalata jinin kare idan sun yi yawa. Sai dai yadda ka shigo da sabon abincin da yadda ka adana shi sun fi sunan kamfanin muhimmanci.

Kada ka sauya masa abinci rana ɗaya, cikinsa zai ɓaci, ya kama gudawa ko amai. Ɗauki mako guda. Kwana 2 na farko ka sa kashi 1 na sabo cikin kashi 3 na wanda ya saba. Kwana 2 na gaba rabi da rabi, sannan kashi 3 na sabo, a rana ta 7 ka ba shi sabon zalla. Ka riƙa duba kashinsa da fatarsa. In gudawa ta wuce kwana 2, ko ka ga jini, ko ya daina ci, kai shi Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Maiduguri ko wurin likitan dabbobi mafi kusa.

Sai batun ruwa. Danshin da ke cikin busasshen abinci kusan kashi 10 ne kawai cikin 100. Kare mai kilo 30 yana buƙatar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, a watan Afrilu kuwa, da zafin garin nan ke haura digiri 40, fiye da haka. Ajiye masa ruwa a inuwa, kada kwanon ya bushe.

Wajen saye, duba ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC. Guji wanda aka farke buhu ana aunawa a leda, don ba ka san yaushe aka buɗe shi ba. Zafi na sa mansa ya yi ɗoyi, danshin damina kuma na kawo fumfuna. Masarar da ta yi fumfuna na ɗauke da gubar afalatoksin mai cin hanta. Tsakanin ƙarshen 2020 da farkon 2021, an kai wa hukumar FDA ta Amurka rahoton mutuwar karnuka sama da 100 da suka ci abincin Sportmix mai wannan guba. Sayi ƙaramin buhu da zai ƙare cikin wata guda, ka rufe bakinsa, ka ɗora shi kan katako nesa da rana.

Uwargida, nan hankalinki ya fi zama dole. Abincin nan ya yi kama da cincin, yaro mai rarrafe zai iya jefa shi a baki. A 2012 mutane da dama a Amurka suka kamu da ƙwayar salmonela ta hanyar busasshen abincin karnuka. Kada buhun ya shiga kicin, a ware masa ludayinsa da kwanonsa, duk wanda ya taɓa kuma ya wanke hannu da sabulu.

Kada kuma a manta da allurar rigakafin ciwon haukan kare duk shekara. Sai mun haɗu mako mai zuwa.