GIWAN RUWA BA YA GIRMA DARE ƊAYA

Duk shekarar da Allah ya nufa aka yi bikin kamun kifi na Argungu, idanun jama'a a wuri ɗaya suke taruwa, watau a kan sikeli. Da zarar an ba da izini, dubban masu homa sai su auka cikin Matan Fada gaba ɗaya, makaɗa na biye da su cikin jiragen ruwa suna zuga su, kafin sa'a guda ta cika an fara fitowa da manyan kifaye ana kai su gaban manyan baƙi. A bikin 2005 giwan ruwan da ya ci gasar ya kai kilo 75, sai da ƙarti huɗu suka haɗa ƙarfi kafin aka ɗora shi bisa sikeli. A bikin 2020 kuwa, wanda ya zo na ɗaya kilo 78 ya yi.

To, amma akwai wata tambaya wadda ba kasafai 'yan kallo suke yi wa kansu ba. Shekara nawa wannan kifi ya yi cikin ruwa kafin ya kai haka? Taru nawa ya tsallake, ƙugiya nawa ya kauce wa, kuma wane ne ya ƙyale shi tun yana ɗan tsaki har ya zama abin da sarakuna za su miƙe tsaye su duba? Amsar wannan tambaya ita ce gaskiyar sana'ar su, kuma ita ce abin da wannan fili yake so mai karatu ya tsaya ya auna a wannan mako.

ASIRIN MATAN FADA

Bikin a siffar da aka san shi yanzu ya samo asali ne cikin 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa babban su don girmamawa da kuma nuna cewa gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi ta ƙare. Amma tun kafin wannan ziyara Kabawa suna da al'adunsu na ruwa, kamar gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda su ne ke nuna ranar da aka buɗe gulbi ga masunta. Ashe ke nan tun zamanin kakanni akwai lokacin da ruwa yake a rufe. Cikin 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun da duniya ta yarda a adana su.

Asirin Matan Fada bai wuce abu biyu ba. Na farko, wurin a tsare yake, ba a yin su a cikinsa sai ranar biki, kuma Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masuntan Argungu, suna da ta cewa a kan lamarin gulbin. Na biyu, ba a shiga gasar da kowane irin kayan aiki sai na gargajiya, watau homa da gora. Kifi ya sami mafaka, ya ci ya ƙoshi, ya hayayyafa, sa'an nan a ba mutane sa'a guda su gwada sa'arsu. Da a ce kowa yana zuba abin da ya ga dama cikin wannan ruwa dare da rana, da tuni bikin ya zama tatsuniya.

KAYAN SU DA HALINSU

Kowane kayan su yana da halinsa, kamar yadda kowane mutum yake da nasa. Homa, wadda mutanen gabas ke kira koma, raga ce da aka ɗaure a jikin tanƙwararren itace, masunci ya riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya nutse, ya haɗa su a kan kifi. Aiki ne na ƙarfi da dogon numfashi, kuma iyakar ɓarnarta iyakar inda hannun mai ita ya kai. Gora kuwa ita ce jirginsa, ita ce kuma rumbunsa: ya kwanta a kanta ya yi iyo, in ya kama ya zura a ciki.

Birgi shi ne wanda ake jefawa ya buɗe kamar laima, darmar da ke bakinsa ta ja shi ƙasa. Kalli a kan shimfiɗa shi ne cikin ruwa ya kwana, kifi ya zo wucewa ya maƙale. Mamari doguwar igiya ce mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi. Ga kuma gura da undurutu da mali, tarkunan da kifi ke shiga ya rasa hanyar fita. Taru shi ne babbansu, jama'a ke jansa zuwa gaɓa, ya sharo duk abin da ya tarar. Daga ƙarshe sai fatsa, kayan yara da masu neman hutu, sanda da zare da ƙugiya da 'yar tana. Ita ce mafi adalci duka, gama kifi ɗaya take kamawa a lokaci ɗaya, shi ma sai ya yarda ya kai baki.

Abin lura a nan shi ne, muguntar raga tana ga idonta ne, ko da ita kanta ƙarama ce. Masunta da yatsu suke auna ido, a ce wannan mai yatsa biyu ce, waccan mai huɗu. Raga mai faɗin ido tana tsare babba ta bar ƙarami ya wuce, ya je ya girma. Mai matsattsen ido kuwa ba ta san uwa ba, ba ta san ɗa ba.

ABUBUWAN AL'AJABI CIKIN GULBI

Wanda ya san kifi a cikin miya kaɗai bai san irin hikimar da Ubangiji ya zuba cikin waɗannan halittu ba. A ɗauki ƙarfasa. Idan macen ta yi ƙwai, sai ta kwashe su cikin bakinta, ta yi kusan mako biyu tana ɗauke da su ba ta cin abinci, har su ƙyanƙyashe su ɗan yi ƙwari. Ko bayan 'ya'yan sun fara fita, in sun ga abin tsoro cikin bakin uwar suke komawa. Saboda haka wanda ya kama ƙarfasa guda a wannan hali, ɗaruruwa ya kashe.

Bargi kuwa gini yake yi. In ruwa ya malala fadama, sai ya share wuri cikin ciyawa, ya kewaye shi kamar sheƙa, a zuba ƙwai a ciki, iyaye su tsaya gadi. Yauni ma sheƙa yake yi, amma abin mamakinsa ya wuce nan. Cikin 1951 wani masani na Jami'ar Kambirij a Ingila, Hans Lissmann, ya bayyana cewa wannan kifi yana fitar da 'yar wutar lantarki marar ƙarfi daga wajen wutsiyarsa ba fasawa, daga baya kuma aka tabbatar da ita yake lalube hanya cikin gurɓataccen ruwa. Shi ya sa yake tafiya da baya kamar yadda yake tafiya gaba, ba ya karo da komai. Mijirya ita tata wutar ta yaƙi ce, takan kai bolt 350, ta ɗara wadda ke cikin wayoyin gidaje, ko da yake ɗan lokaci kaɗan take yi. Duk masuncin da ya taɓa damƙarta da hannu ba ya bukatar a yi masa bayani.

Ƙurungu yakan yi iyo a rigingine, cikinsa sama, don ya ci abin da ke bisa fuskar ruwa, kuma in an kama shi ya dinga ƙara da ƙayoyinsa. Tarwaɗa tana shaƙar iska, har takan ja ciki bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa daga kududdufin da ke ƙafewa zuwa wani. Gaiwa ta fi su duka. Tana da huhu, in rani ya yi sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar 'yar kafar numfashi, ta yi watanni a kwance tana rayuwa da naman jikinta har damina ta dawo.

Shi kuwa giwan ruwa, sarkin gulbi, yakan kusa mita 2 a tsawo, nauyinsa yakan kai kilo 200, kuma mafi yawan manya-manyan mata ne. Mace ɗaya mai girma miliyoyin ƙwai take zubawa. Abincinsa sauran kifaye ne, kuma cinsa ba na wasa ba ne: da aka kai shi Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka cikin shekarun 1950, inda a da babu shi, sai da ya zama babban sanadin ɓacewar irin ƙananan kifaye kimanin 200. A gulaben nan kuwa ɗan gida ne, tare ya tashi da sauran. Saboda haka ganin babban giwan ruwa shaida ce cewa akwai ƙanana masu yawa da suka ciyar da shi shekara da shekaru, akwai kuma ruwa mai zurfi mai tsabta, gama ba ya jure ruwan da iskarsa ta yi ƙaranci.

INA ƁARAKAR TAKE?

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa uku ne suka haɗu suke cin gulaben Arewa.

Na farko matsattsiyar raga. Abin takaici har gidan sauro, wanda ake rabawa don kare mata da yara daga zazzaɓin cizon sauro, ya zama taru a hannun wasu. Abin da yake kwasowa shi ne 'yan mitsi-mitsin nan da ake aunawa da kwano, waɗanda da an yi musu haƙurin shekara ɗaya ko biyu da kowanne ya cika faranti.

Na biyu guba. An daɗe ana kuka da masu zuba gamalin, maganin ƙwarin da aka shigo da shi don gonakin koko, da makamantansa cikin ruwa. Guba ba ta zaɓe. Ta kashe kifi da ƙwansa da abincinsa, ta bi ruwa ta tarar da shanun makiyayi a mashaya, ta ƙare a cikin tukunyar wanda ya sayi kifin bai sani ba. Sinadarin da ke cikin gamalin yana cikin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina aiki da su a gona cikin 2009.

Na uku sauyin ruwan kansa. Yawancin kifayen nan ambaliya suke jira su hau fadama su yi ƙwai, 'ya'yansu su yi kiwo cikin ciyawa inda manya ba su iya binsu. An gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, ta Goronyo a kan Rima cikin 1984, dukansu kuwa a saman Argungu suke. Ba wanda zai musa amfaninsu ga noman rani, amma sun rage ambaliyar da fadamun ƙasa suka saba samu, masuntan wuraren kuma sun gani a komarsu. Cikin 2006 ƙarancin ruwa ya sa dole aka hana shiga su a bikin Argungu. Bayan na 2009 kuwa ba a sake yin bikin ba sai 2020, galibi saboda matsalar tsaro.

MAGANI YANA NAN

Ba a rasa doka ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya ko lantarki, ta kuma hana raga wadda idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, sai wasu 'yan ire-iren raga da ta keɓe. Akwai kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a Sabuwar Busa, kusa da Tafkin Kainji, wadda aikinta ke nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsare dokar a bakin ruwa. Ma'aikacin gwamnati yakan zo ne jifa-jifa, amma Sarkin Ruwa kullum yana nan, ya san kowane jirgi da mai shi. Ya kamata gwamnatocin jihohi su mayar wa waɗannan sarakuna ƙarfinsu, kowane gari mai gulbi ya keɓe wani gurbi da za a rufe kamar Matan Fada, a kuma hana su a wuraren hayayyafa in ruwa ya hau fadama. Masu kula da madatsu su ma lalle ne su riƙa tunawa da masunci sa'ad da suke tsara sakin ruwa.

Masu fatsa don nishaɗi, ma'aikata da 'yan makaranta da ke zuwa bakin dam ranar hutu, su ma suna da abin koyi. A Tafkin Nasar na Masar, inda cikin 2000 wani ya kama giwan ruwa mai kilo 104 da fatsa, al'adar masu yawon fatsa ita ce a auna babban kifi, a ɗauki hotonsa, a mai da shi ruwa da ransa. Ba a ce kowa ya saki abin da zai kai gida ba, gama mai iyali ba wasa ya je yi ba. Amma ƙaramin da bai isa ci ba, da uwar da cikinta ke cike da ƙwai, sakinsu ajiya ce.

Uwargida mai cefane ita ma tana da hannu a ciki. Muddin ana sayen 'yan tsakin nan a kasuwa, mai gidan sauro ba zai fasa ba. Ranar da suka yi kwantai, ranar zai nemi raga mai faɗin ido.

Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu iya magana. Jikoki ma suna nan tafe, kuma za su tambaya abin da aka bar musu cikin gulbi. Allah ya albarkaci ruwayen ƙasar nan, ya ba masunta haƙuri da wadatar zuci, amin.