Wasan Cyberpunk: Kwandon Tumatirin Ikara Ya Fi Benayen Night City Daɗin Labari

Yawancin matasan da suka san sunan Cyberpunk a Ikara ko Makarfi ko Hunƙuyi, a guntayen bidiyon TikTok da YouTube suka san shi: wani mai hannun ƙarfe yana tsalle daga wannan bene zuwa wancan, fitilu ja da shuɗi ko'ina, harbi ba ƙaƙƙautawa. Wannan Cyberpunk 2077 ke nan, wanda kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya saki a Disambar 2020, kuma sai kwamfuta mai ƙarfi ko irin su PlayStation ke iya ɗaukarsa. Amma asalin wasan ya girmi wannan da shekara 32. Tun 1988 wani baƙar fatar Amurka mai suna Mike Pondsmith ya fito da shi a littafi, ana buga shi da baki da takarda da biro. Ba ya cin data, ba ruwansa da ɗauke wuta.

Yadda ake yi shi ne, mutum huɗu ko biyar su zauna, kowa ya ɗauki mutum ɗaya daga cikin labarin ya zama shi. Ɗaya kuma ya zama mai jan wasa, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa, shi ke magana da bakin duk sauran mutanen da za a haɗu da su. Idan ɗan wasa ya ce zai yi wani abu mai haɗari, sai a jefa ƙwaya mai fuska goma, irin ta ludo amma ta fi ta lambobi, a haɗa abin da ya fito da makin gwanintarsa, a ga ko ya ci ko ya faɗi. Wanda ya taɓa jin labarin kalankuwa a ƙauyukan Zazzau, inda samari bayan girbi ke naɗa junansu gwamna da alƙali da ɗan sanda, ba zai ga baƙon abu ba. Sabon bugun dokokin, Cyberpunk RED, ya fito a 2020, akwai ma taƙaitaccensa mai suna Easy Mode da ake saukewa kyauta. Ba a sa kuɗi a wasan, wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta da jefa ƙwaya ba, yana iya rubuta 1 zuwa 10 a 'yan takardu a riƙa zara daga cikin hula.

Dokokin ba su ne wahala ba. Wahalar tana wajen tsara kwangilar da za a ba 'yan wasa, wato aikin da za su fita yi a wannan zaman. Sabon mai jan wasa kusan koyaushe abin da ya gani a bidiyo yake kwafowa: a shiga bene mai hawa ɗari a Night City, a sato wani faifai, a harbe masu gadi. Kafin rabin awa kowa ya koma danna wayarsa. Dalili a fili yake, babu wanda ke kan tabarmar nan da ya san abin da za a rasa in faifan bai fito ba.

Alhali abin da irin wannan labari ya ginu a kai tambaya ɗaya ce: idan rayuwar talaka duk ta rataya a kan na'ura, waye ke riƙe da makunnin? Ɗan jihar Kaduna ya sha amsar wannan tambaya a jikinsa har sau uku cikin shekara biyu. A ƙarshen Satumbar 2021 aka katse sadarwar waya a wasu sassan jihar saboda matsalar tsaro, bayan an riga an yi haka a Zamfara, aka kwashe kusan wata biyu kafin a dawo da ita. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira a faɗin Najeriya saboda ba a haɗa su da lambar NIN ba. Sai kuma babbar, farkon 2023, bayan da Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Tsofaffin kuɗi an ce a mayar, sababbin ba su wadata ba, tiransifa ta riƙa maƙalewa, a cire wa mai saye kuɗi amma alat bai shigo wa mai sayarwa ba. Mutane suka koma sayen naira da naira a wurin masu POS. Sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ita kuma a ranar 3 ga Maris 2023 ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara. Wannan kuwa ya faɗo daidai kakar tumatirin rani. Mai rake a Makarfi yana iya ɗan jira, mai mazarƙwaila ma haka. Mai tumatir kwana biyu ko uku yake da su.

Kwanakin nan uku su ne kwangila, a shirye. A matsar da labarin shekara ashirin gaba. Wani kamfani ya ba ƙungiyar manoman wani ƙauye a Ikara bashin famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da iri da taki, komai an ɗaure shi a layin wayar manomi da asusunsa. Wannan ba wani hasashe mai nisa ba ne, yanzu haka ana sayar da wayoyi a biya kaɗan-kaɗan waɗanda ke kulle kansu idan aka saɓa ranar biya. Sai tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ta dawo. Rabin amfani ya tafi, biya ya gagara. Da tsakar dare na'urar kamfanin ta kulle famfuna da asusun duk 'yan ƙungiyar a lokaci guda, ba wani mutum da ya sa hannu. Ragowar tumatirin yana cikin kwanduna, motar da za ta kai shi Mile 12 a Legas tana tsaye, direba ya ce ba zai tayar ba sai ya ga alat.

A nan dillali zai kira 'yan wasa. "Samari, ku buɗe mana asusun nan kafin jibi, kason ku yana cikin motar." Su waye samarin? Littafin wasan yana da rukunai irin su mai kutse, makaniki, likita, dillali da ɗan hanya, kuma kowanne yana da ɗan'uwansa a bakin kasuwa: mai gyaran waya da ya iya filashin, ɗan acaɓa da ya san duk hanyar da ke kauce wa Tashar Yari, ɗalibar kiwon lafiya daga kwalejin Makarfi, mai POS da ya san bashin kowa a garin. Mai jan wasa ya ajiye tumatir shida na gaske a gaban kowa, duk lokacin da aka ɓata rabin yini a cikin labarin ya ɗauke ɗaya. Babu agogon da ya kai wannan tayar da hankali.

Kuskuren da ya fi kashe kwangila shi ne a yi mata ƙofa ɗaya. Idan sai ta hanyar kutse kaɗai za a ci nasara, ƙwaya ɗaya ta faɗi ba daidai ba, dare ya lalace. A bar aƙalla hanya uku. Akwai ƙarfen sabis da umarnin kullewa ke bi ta cikinsa. Akwai wakilin kamfanin da ke zaune a tsohuwar masana'antar tumatir ta Ikara, wadda a zahiri aka gina tun farkon shekarun 1980 kuma ta taɓa shafe shekaru a rufe, shi yana da ikon ɗage kulle na kwana bakwai. Akwai kuma hanyar da ba ta taɓa na'ura ko kaɗan: a nemo wani babban ɗan kasuwa da zai tsaya wa direba da bakinsa, a rubuta a littafin bashi kamar yadda aka yi ta yi a 2023. Ta ukun ce 'yan wasa suka fi mantawa da ita, ita ce kuma ta fi tsada, don mai tsayawa sai ya nemi wani abu, kuma ba kuɗi ba.

Maganar kutse tana buƙatar a kula. Tsofaffin 'yan wannan wasa sun daɗe suna kuka da cewa da zarar mai kutse ya shiga na'ura, sauran sai su zama 'yan kallo. Cyberpunk RED ya gyara wannan da doka ɗaya: dole mai kutse ya matso cikin mita 6 da mashigar na'urar. Ba zama a ɗaki ana shan shayi. Wannan doka kamar don ƙarfen sabis na ƙauye aka yi ta. Yana tsugune a gindin janareta da wayarsa, ɗan acaɓa na jan maigadi da hira, ɗaliba na duba ɗan maigadin da zazzaɓi ya kwantar, kowa da abin yi. Idan ƙwaya ta ƙi, kada a ce "ka kasa" a tsaya nan. A ce ƙofa ta buɗe, amma lambar wayarsa ta shiga rajistar kamfani, kuma da layin mahaifiyarsa ya yi rajista.

Bindiga kuwa a sassauta mata. Littafin cike yake da makamai, an kuma san matashi na son harbi a wasa. Sai dai wannan yanki ne da a Satumbar 2023 'yan bindiga suka kashe masallata a Saya-Saya cikin ƙaramar hukumar Ikara. Mai jan wasan da ya shirya kwangilar sace mutum a karɓi kuɗin fansa, bai san wa ke zaune kusa da shi ba, wataƙila gidansu an sayar da gona an biya. A tambayi mutane tun kafin a fara abin da ba sa so ya shigo labarin. Ko ta fuskar daɗin wasa ma, bindiga ɗaya tak da ke hannun wanda bai kamata ba ta fi ashirin ban tsoro.

Wani zai ce ai don a huta da matsalar gida ake wasa, me ya sa za a sake kawo POS da bashi kan tabarma? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba laifi wani zaman a tafi Night City a yi ta tsalle. Amma a 2023 wanda ya tsaya a layin banki ba shi da zaɓi ko ɗaya, sai jira. A kan tabarma yana da uku. Matashin da ya kwashe awa biyu yana lalubo inda umarnin kulle ke fitowa da inda yake bi, gobe idan manhajar bashi ta nemi izinin shiga lambobin wayarsa, da wuya ya danna amincewa bai karanta ba. Irin waɗannan manhajoji ne suka riƙa tura wa 'yan'uwan masu bashi saƙon cin mutunci, har Google ya hana su taɓa lambobin waya da hotuna a 2023.

Saura abin da dillali ya ɓoye, don a wannan wasa mai ba da kwangila ba ya faɗin gaskiya duka. Bashin ƙauyuka uku ne a dunƙule. Idan aka goge na Ikara, na'ura za ta ɗora shi a kan wata ƙungiya a Kudan, ta kulle nasu famfunan a daren, su kuma tumatirinsu ko fure bai gama ba. Kada mai jan wasa ya faɗi wannan da bakinsa. Ya bari su gani a allon wakilin kamfani, bayan sun riga sun shiga, tumatir biyu kacal suka rage a gabansu. Wakilin kuma kada a mai da shi dodo. Yaro ne ɗan garin, an ba shi adadin da zai karɓo a wata ko a sallame shi, ya kuma yi makarantar allo da ɗaya daga cikinsu. Zai ɗago kai ya ce, "Yaya, in na ɗage muku, ni za a kulle." Daga nan mai jan wasa ya yi shiru, ya ɗora hannunsa a kan tumatir na biyar.