Mesa a akwatin gilashi, ga kuma zafin Kano

Wasiƙar wannan makon daga Kwaciri ta zo, daga wani ɗan aji biyu na babbar sakandare. Yayansa ya dawo daga Kwatano da 'yar ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata, ya saka ta a tsohon akwatin gilashin kifi kusa da taga. Kwanan nan ta daina cin ɓera, da rana sai ta yi ta zagaye tana tura gilashi da hanci. Yana tambaya ko su sayi na'urar ɗumama akwati, kamar yadda littattafan Turawa suka ce.

Ku dakata da sayen komai. Ku fara janye akwatin nan daga taga, yau ɗin nan.

Maciji ba ya haɗa ɗumin jikinsa da kansa kamar mu, wurin da yake ne ke ɗumama shi ko sanyaya shi. Dalilin da ya sa ke nan kuke ganin ƙadangare a kan katanga da hantsi, da azahar kuwa ya shige inuwa. Ita wannan mesa 'yar Afirka ta Yamma ce, daga Gana da Togo da Binin ake fitar da yawancinta zuwa ƙasashen waje. A daji wuni take a ramin ɓera ko cikin suri, inda babu zafi sosai kuma akwai danshi, sai dare ta fito. To, a akwati ina za ta gudu?

Shi ya sa masu kiwonta ke raba akwati gida biyu. Gefe ɗaya mai ɗumi, digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 27, kowanne da maɓoyarsa, ita ta zaɓa. Idan zafi ya haura 35 ya daɗe, ana iya rasa ta.

Littattafan nan don mutanen Ingila da Amurka aka rubuta su, waɗanda sanyi ne damuwarsu. Mu a Kano a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, balle ɗaki mai rufin kwano ba silin. Ƙara da gilashin da rana ke duka: ku tuna motar da aka rufe a rana, haka cikinsa yake. Zagayen nan da take yi da rana alama ce ta neman mafita.

A bazara a sauke akwatin ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana ke bugawa. Murfin ya zama na raga mai makulli don iska ta ratsa. A sa kwanon ruwa mai faɗin da za ta iya shiga. Tukunyar ƙasa da aka kife aka fasa mata ƙofa, aka goge bakin don kada ya yanke ta, ta fi maɓoyar roba, domin in an yayyafa mata ruwa tana sanyi kamar randa. Ranar da abin ya tsananta, a naɗe gorar ƙanƙara da tsumma a ɗora a saman murfi ta gefe ɗaya. Kada a watsa mata ruwan ƙanƙara.

Hunturu kuma labarin ya juya. A Disamba da Janairu sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15. Mesa mai jin sanyi ba ta iya narkar da abinci, sai ta amayar ko ya ruɓe a cikinta, ga ciwon huhu. In kun ji numfashinta na fito, ko kumfa a baki, sai likitan dabbobi. A nan ne na'urar ɗumama ke da amfani, amma sai da abin da ke kashe ta in ta kai ƙima, in ba haka ba ta ƙona mata ciki. Kuma duk mun san halin wutar lantarki, don haka a tanadi gorar ruwan ɗumi naɗe da tawul, a jingina ta jikin akwatin ta waje. Gawayi a rufaffen ɗaki kuwa ko kusa, mutane ma kashe su yake. Bushewar hunturu na sa saɓa ta maƙale mata, a riƙa jiƙa shimfiɗar maɓoyarta kaɗan.

Mu dai ba mu ba ku shawarar kiwonta ba. Takan yi shekara 20 zuwa 30. Ka gama WAEC, ka gama jami'a, ka yi aure, tana nan tana jiran ɓera. Ita ba ta da dafi, amma kasa da kububuwa na da shi, kuma wanda bai sani ba yana iya rikita zanensu. Kada wanda ya ɗauko maciji a daji ko a gona.

Aikin gida: ku nemi ma'aunin zafin ɗaki, ku auna ɗakinku da asuba, da ƙarfe biyu na rana, da bayan isha'i, har kwana bakwai. Ku aiko mana da lambobin da sunan unguwarku, mu ga tsakanin Kwaciri da Sabon Gari ina ne ya fi zafi.