Ra'ayinmu: 'Yar'uwa da Sana'ar Kula da Gidajen Haya

 

Ya 'yan'uwa, akwai wata ɓarna da ta daɗe tana cin dukiyar raunana a cikinmu, amma ba kasafai ake ɗaga murya a kanta ba. Mutum zai rasu ya bar gidajen haya, a raba gado kamar yadda Suratun Nisa'i ta tsara, matarsa ta sami tumuninta, 'ya'yansa mata su sami rabonsu. Daga nan sai labari ya canja. Da yake matar tana cikin takaba, ko kuwa ba ta saba fita ba, sai a damƙa gidan ga wani ƙanin mamaci ko wani dillalin unguwa. Shekara ta farko ya kawo kuɗin haya cif. Ta biyu ya ce an gyara rufi. Ta uku ya ce 'yan haya sun gudu. Babu rasit, babu littafin lissafi, ita kuma kunya ta hana ta tuhumar ɗan'uwan mijinta.

Wannan ne ya sa muke ganin cewa shigar 'yan'uwa mata cikin sana'ar kula da gidaje buƙata ce ta al'umma. Mace mai gida za ta zauna da 'yar'uwarta mace a cikin ɗaki, ta buɗe takardu, ta yi tambaya ba tare da shamaki ba. Haka nan 'yar'uwa za ta shiga gidan haya da rana tsaka, lokacin da magidanta suke kasuwa, ta duba kwata da bango da ɗakin girki, inda namiji sai dai ya yi sallama ya tsaya a zaure.

Masu cewa wannan ba hurumin mace ba ne, muna roƙonsu su koma ga littattafan fiƙihu. Shari'a ta ba mace ikon mallaka da saye da sayarwa da ba da haya da sunanta, alhali matar aure a Ingila ba ta sami cikakken iko a kan dukiyarta ba sai da dokar 1882. Abin da Malikiyya suka ƙayyade wa matar aure shi ne kyautar da fiye da sulusin dukiyarta ba da yardar miji ba, ba ciniki ba. Sana'ar da muke magana a kanta kuwa babi biyu ne sanannu: ijara da wakala. Wakilci a kan lada halal ne, kuma malamai ba su sharɗanta cewa wakili sai namiji ba. Sharuɗɗan fita, wato hijabi da izinin miji da nisantar keɓewa da ajnabi, suna nan daram, kuma ba mu ga wani ɓangare na aikin da yake tilasta a karya su ba.

Sai dai kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Wadda za ta riƙe gidan marayu dole ta san cewa ijara ba ta inganta sai kuɗin haya da tsawon lokaci sun zama sanannu, kuma wakili amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Dole kuma ta san dokar ƙasa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun Gwamna, shi ya sa sayar da gida mai takardar shaidar mallaka ko jinginar da shi yake buƙatar amincewarsa. Ɗan hayar da yake biya shekara-shekara, a galibin jihohi, ba a tashinsa sai da notis na wata shida, in ba an yi yarjejeniya a kan wani wa'adi daban ba, mai biyan wata-wata kuwa notis ɗinsa wata guda ne. Cire wa mutum ƙofa ko kwance masa rufi don ya tashi zalunci ne a Shari'a, laifi ne kuma a kotu.

Hanyar ilmin a buɗe take. Ana karanta fannin kula da gidaje da filaye a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Mai son zama cikakkiyar ƙwararriya za ta shiga ƙungiyar NIESV, wadda aka kafa a 1969, sannan ta yi rajista da hukumar ESVARBON, wadda Doka mai lamba 24 ta 1975 ta samar. Wadda ba ta kai nan ba tana iya farawa da gida ɗaya ko biyu na dangi, a ƙarƙashin wanda ya san aiki.

Gargaɗinmu ga masu shiga, kuma a nan ne da yawa daga maza suka zame, shi ne kada a haɗa kuɗin mai gida da na wakili a asusu ɗaya, ko da na kwana guda ne. A rubuta la'ada tun farko, a ba da rasit a kan kowace naira, a kai wa mai gida lissafi a rubuce duk wata uku. Kada a ɓoye wa ɗan haya yoyon rufi don a karɓi kuɗinsa.

Muna kira ga kwamitocin marayu na rassanmu da su ƙidaya gidajen haya da ke hannun matan da mazansu suka rasu a yankunansu, su gano waɗanda babu rubutacciyar yarjejeniya a kansu. Makarantun matan aure kuma su ƙara babin ijara da wakala da darasin lissafi a ajin ƙarshe, tun daga zangon karatu mai zuwa.