A Tambayi Mata da Harshensu

A shekarar 2000 masana a Amurka suka fitar da ma'aunin FSFI, tambayoyi 19 kan gamsuwar mace a shimfiɗar aure cikin makonni huɗu da suka gabata. Da Iraniyawa suka mayar da shi Farisanci, sai da suka gwada shi a kan matansu kafin su amince da shi. Haka ya kamata mu yi a garin Uba. Matar da ke jego, ko mai rabon kwana da kishiyoyi, ko wadda mijinta ya tafi ci-rani, ma'aunin zai iya nuna ta da ciwon da ba ta da shi. Ita kuwa wadda rikicin da ya afka wa yankinmu a 2014 ya bar wa tabo a zuciya, tambayoyin ba su san da zamanta ba. Kunya takan rufe baki a asibiti, damuwar ta ƙare wurin mai kayan mata. Ya kamata Jami'ar Jihar Adamawa da ke Mubi ta zauna da ungozomomi da malaman Islamiyya mata, a tsara tambayoyi cikin Hausa da Margi da Fulatanci, kuma mace ta tambayi 'yar'uwarta cikin sirri.