Kafin Mu Sake Sayen Na'urar Duba Ido, Mu Tanadi Mai Kula Da Ita

Duk lokacin da ƙungiya ta kai wa asibitin unguwa gudummawar 'yar na'urar duba ido mai caji, sai a taru, a ɗauki hoto, a watse. Shekara na zagayowa sai a tarar da ita cikin durowa, batir ya mutu, ƙura ta rufe gilashin.

Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Da wannan na'ura ma'aikacin lafiya ke haska cikin ido ya ga jijiyar gani, ya gano hawan jinin ido ko ɓarnar ciwon suga tun da wuri. Hawan jinin ido sau da yawa ba ya ciwo, kuma ganin da ya cinye ba ya dawowa.

Maiduguri ba gari ba ne mai sauƙi ga irin waɗannan kaya. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, zafi kuwa shi ne babban makashin batir. Hunturu na zuwa da ƙurarsa. Mun ga duhun da muka shiga bayan lalata turakun lantarki na layin Damaturu a Janairun 2021. Mun ga yadda ambaliyar Alau ta 10 ga Satumba, 2024 ta shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri.

Don haka ra'ayina, kada ƙungiya ta sake miƙa na'ura sai an cika sharuɗɗa. A ambaci mutum ɗaya da sunansa wanda alhakinta ke wuyansa. A ajiye ta cikin akwatinta, a kabad mai tsayi, nesa da taga, kada kuma ta wuni a mota. In za ta daɗe ba a aiki da ita, a bar batirin da rabin caji, a riƙa ƙara masa duk bayan 'yan watanni. A yi caji da cazarta ta asali, a wutar sola ko ta sitabilaiza. Gilashin kuwa a goge shi da ƙyalle mai laushi, ba da bakin riga ba.

Kuɗin batir da ƙwan fitila na canji su shiga lissafi tun ranar saye. Gara na'ura ɗaya mai aiki da biyar a durowa. Allah Ya kare mana ganinmu.